Zogalen Baƙo a Ƙasar Aro

Zalika ta ɗauki tulu ta ajiye, ta sake ɗauka ta sake ajiyewa. Randa cike take da ruwa tun safe, ƙafarta ce kawai ta ƙi zama. Daga bayan zana tana jin muryar mahaifinta Baba Tinni da ta ƙanwarsa Gwaggo Dommo, kuma duk inda maganarsu ta zaga sai ta dawo kan suna ɗaya, Sumana.

Kwanakin baya kaɗan sunan nan abin so ne a gidan.

Sumana shi ne saurayin da asibitin gunduma ya turo garinmu Tandakwara don ya koya wa mata haɗa abincin yara. Maraya ne, a Yamai ya tashi. Dogo ne siriri, yana yawo da wani ɗan ƙyalle mai launi uku da yake auna damtsen jarirai da shi. Yana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin namiji ba, idan zai ɗanɗana kunu sai ya rufe ido kamar mai sauraron kiɗa daga wani gari.

A lambun mata yake koyarwa, can gangaren kwari inda ruwa ke kusa har mutum ya tona da sakaina ya same shi. Ƙasar ta Baba Tinni ce, shi ya ara wa matan gari su yi noman rani, kowace da fangalinta na albasa da latas da yakuwa da kabewa. Zalika ce ke riƙe da makullin ƙofar, ita ke raba wa mata lokacin ban ruwa. Nan suka saba, ita tana jan guga, shi yana tsugune gaban murhu yana nuna yadda ake zuba garin wake da gyaɗa a kunun gero, a barbaɗa garin zogalen da aka shanya a inuwa, ba a rana ba.

Har Baba Tinni ya ga amfanin abin a cikin gidansa. Jikarsa Mintu, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa har yake ce mata Inna, ta rame gashinta ya yi ja kamar gemun masara, ko kuka ta daina. Kunun Sumana ne ya tashe ta. Shi ya sa da limamin gari ya zo nema wa yaron auren Zalika, tsohon bai ja magana ba, ya ce ya ba shi.

Sai ga zancen itace.

Ganyen zogale yana wuya da rani, sai an je kasuwar Balleyara. Don haka tun bara Sumana ya zo da 'yan dashe, ya jera su tsakiyar lambun da hannunsa. Yaron birni ne, a wurinsa zogale ganyen miya ne kawai. Bai san cewa a ƙasarmu wanda aka ara wa gona yana iya shuka duk abin da zai girbe ya tafi, amma ba ya dasa itace ba, domin itace shaida ne, kuma wanda ya dasa shi ne mai ƙasa ko bayan ransa. Matan sun sani, kowace ta ɗauka an nemi izini. Zalika ta sani, ta san kuma ba a nema ba, ta yi shiru ta ci gaba da ba su ruwa.

Abin da ta dogara da shi ɗaya ne, mahaifinta ba ya gangarawa kwari. Hanyar ta bi ta ƙarƙashin wani ƙaton mangwaro, shi kuwa tun yana yaro bai taɓa shiga inuwarsa ba. Kakansa ne ya ara wa wani baƙo gona a wurin, baƙon ya binne ƙwallon mangwaro ɗaya tak. Da aka je gaban alƙali bayan shekaru, tambayar da aka yi ita ce wa ya dasa, gona ta tafi. Har yau Baba Tinni ba ya shan mangwaro, in ya hango shi a faifan mai talla sai ya kau da kai kamar ya ga suruka. Zagayen kuma yana da nisa, gwiwarsa ba ta iyawa.

Hamani ne ya fasa maganar. Shi ne ɗan Gwaggo Dommo, taubashin Zalika, mai sayar da gwanjo a Kumasi. Ya dawo da babur sabo da baƙin tabarau da agogo biyu a hannu ɗaya, ɗaya na lokacin Kumasi ɗaya na lokacin gida. Tun suna yara ake ce musu miji da mata, shi kuma bai taɓa ɗaukar abin wasa ba. Ya zaga kwari ya dawo, ya zauna gaban tsohon yana dariya ya ce, "Kawu, ashe ka sayar da kwari ban ji ba? Na ga malamin kunu har ya yi kurmi."

A ranar aka ɗora Baba Tinni a amalanke, aka bi da shi ta doguwar hanya. Ya tarar da itatuwa sun fi mutum tsayi. Bai yi faɗa ba, ya tambaya wa ya dasa, aka faɗa masa, ya ce a mayar da shi gida.

Hukuncin da ya aika gajere ne. Sumana ya tuge su duka da hannun da ya dasa su. In ya yi, maganar aure tana nan. In ya ƙi, babu Zalika, kuma lambun ma a ba shi abinsa.

Abin da Zalika ke saurare ke nan a bayan zana. Gwaggo Dommo tana cewa wanda ya ɗauki ƙasa ba tare da tambaya ba gobe gidan zai ɗauka, ga ɗanta nan jininsu, me ake nema wurin wanda ba a san kabarin ubansa ba. Baba Tinni kuwa casbinsa kawai ake ji.

Zalika ta jawo mayafi ta fice.

A bakin rijiyar lambu ta sami Sumana, yana zaune kan bakin siminti, ga gatari da galma a gefensa. Idonta ya tsaya kan galmar.

Ya yi ƙoƙarin murmushi, ya ce da ma yana so ya yi mata bayani kafin ya fara. Ta ce ba bayani ta zo ji ba, ta zo ta ga ko da gaske ne.

"Zalika, laifina ne. Ƙasarsa ce, ban tambaya ba."

"To ka je ka tambaya yanzu. Ka durƙusa, ka kai liman, ka yi kuka in kuka ne. Amma kada ka taɓa su."

Ya ce ya je. Ya durƙusa har gwiwarsa ta yi sawu a yashi, tsohon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya maimaita abin da ya ce ba ƙari ba ragi.

Ta juya tana kallon itatuwan. Iska na kaɗa ƙananan ganyen, inuwarsu a ƙasa kamar an watsa kuɗin ƙarfe. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Kai ba ka nan lokacin da yayan Mintu ya rasu," in ji ta. "Ni na ɗauke shi daga cinyar uwarsa na miƙa wa maza. Wallahi Sumana, kazar da nake yankawa ta fi shi nauyi. Duk bazara sai mun yi irin wannan miƙawar a garin nan, muna cewa iska ce, muna cewa baki ne. Kai ka zo ka ce mana yunwa ce mai ɓoye a cikin ƙoshi. Ka ce maganinta yana nan bayan gidajenmu. Yanzu da zafi ya kawo kai, ganye ya ƙare ko'ina, shi ne za ka tuge?"

"In ban tuge ba zai karɓe lambun gaba ɗaya. Albasar ma, kabewar ma."

"Ba zai karɓa ba. Ubana ne, na san shi. Ba zai iya korar matan gari duka ba, barazana ce."

"Ni ban ga barazana a idonsa ba."

Ta matso kusa, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce ya dubi Allah ya gaya mata gaskiya, don lambun zai tuge ko don aurenta.

Sumana ya dubi cikin rijiya. Da wani ne da ya ce don lambu, magana ta ƙare. Shi bai iya ƙarya ba, ko a kunu in gishiri ya yi yawa sai ya faɗa ko ta wace ce.

"Duka biyun," in ji shi. "Amma in na rufe ido ke nake gani, ba albasa ba."

Maganar da za ta faranta ran kowace budurwa ita ce ta ƙona nata. Ta ce ashe da abincin yaran gari zai biya sadakinta. Ta ce ita ba tsayinsa ta so ba, ba kuma takardarsa ba, mutumin da ya tsuguna gaban murhu maza na yi masa dariya bai tashi ba, shi ta so. In wannan mutumin ya tafi, ba ta san wanda ya rage ba.

"In ka tuge su, Baba zai ba ka ni," ta ce, "amma ni ba zan zo ba."

"In na bar su, ke za ki zo, shi ba zai bayar ba. To ina zan tsaya, Zalika?"

Zalika ta ja da baya. Ta rufe fuska da mayafi ta fita da gudu, har ta taka fangalin latas na wata.

Washegari da hantsi ya fara. Matan suka tsaya jikin danga da jarirai a baya. Yana sara yana tono, zufa na zuba, har saiwa yake cirowa don kada a ce ya bar wani abu. Ya zage ganyen ya tara wa matan a zannuwansu, ya ce su shanya a inuwa, zai ɗan kai su. Sandunan kuwa ya ɗaure dami dami, ya yi ta jigila a ka har ƙofar Baba Tinni. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ga abin da ya fito a ƙasarku. Naku ne. Ku yafe mini."

Tsohon ya dubi damman, ya dubi hannun yaron da ya faffashe, ya buɗe baki zai yi magana.

Zalika ta riga shi. Ta fito daga zaure, ta zare zoben azurfar da Sumana ya ba ta, ta ɗora kan damin itacen a gaban kowa. Ta ce kowa ya shaida, ita da mutumin nan har abada. Sannan ta cire makullin lambu daga wuyanta ta miƙa wa matar da ke kusa, ta shige.

Baba Tinni ya rufe bakinsa.

Daga nan gidan ya zama na Gwaggo Dommo. Da safe tana nan, da azahar tana nan, tana tsefe wa Zalika kai tana zuba mata magana a kunne, gida a Kumasi, famfo a tsakar gida, ba guga ba kanta a hannu. Hamani kuma yakan jingine babur ya leƙo yana tsokana.

"Ina uwar 'yan kunu? An ce an rushe masarautarki."

"Ɗan mace, ɗauki tsintsiya ka share gidan ubana, aikinka ke nan."

"In na share a ba ni ladan da ke cikin ɗaki."

Da can takan jefe shi da ludayi. Yanzu ba ta da ƙarfin jifa. Ba ta iya zama, ba ta iya barci, ta shiga ɗaki ta fito, ta daka geron da aka riga aka daka. Duk motsin da ta ji a ƙofa sai ta ɗaga kai, alhali ita ta ce kada Sumana ya zo, shi kuma bai zo ba. Wata rana da Gwaggo ta matsa mata, Zalika ta ce to, a yi duk abin da aka ga dama. Kafin ta haɗiye yawu Gwaggo ta rangaɗa guɗa.

Da aka kai wa Baba Tinni labari ya kira ta, ya tambaye ta ko da bakinta ta faɗa. Ta ce da bakinta. Ya dube ta, ya ce shi ke nan.

A cikin makonnin nan ne na ga abin da ya fi ba ni mamaki a garinmu, ni da na taɓa ganin akuya mai bin jana'iza. Da sassafe, Baba Tinni da sanda a hannu ɗaya da buta a ɗaya, yana ɗingishi ta ƙarƙashin mangwaron nan. Kansa a sunkuye, yana sauri kamar ana ruwa, amma ta ƙarƙashinsa. Kashegari ma haka. Na tambaye shi lafiya, ya ce awaki sun ɓarke dangar gabas, gyara yake yi, in kula da abin da ya dame ni.

Ranar kawo goro ta faɗo ranar kasuwar Balleyara. Dangin Hamani suka cika zaure, ga huhun goro a tsakiya an lulluɓe da sabon zane, ana jiran liman. A cikin gida albasa ta kasa, duk matan hannunsu a tukunya. Zalika, da ma neman hanyar fita take, ta ce ita za ta ɗebo. Ta bi ta ƙofar baya.

Tun daga nesa ta ga dangar gabas ba yadda ta san ta ba.

Sandunan da Sumana ya sare ne, an kakkafe su a jere, kowanne an yi masa ɗan gurbi a gindi, ƙasar a jiƙe. Kuma kowanne ya tsattsago da ganye, kore shar, tun daga wannan kusurwa har waccan. Wata mata mai ban ruwa ta ce ai tsohon ne, shi kaɗai, ya hana kowa ya kama masa ko da sanda ɗaya. Ya ce in ganyen ya ƙara ƙarfi kowa ta tsinka, na yara ne.

Zalika ta karyo reshe ɗaya. Albasar ma ta manta da ita.

A ƙofar baya ta sami mahaifinta yana alwala. Ta tsuguna ta miƙa masa reshen.

Ya ƙarasa wanke ƙafarsa tukuna.

"Wa ya dasa?" ya tambaye ta.

"Kai, Baba."

"To. In an tambaya bayan raina, abin da za a ce ke nan." Ya ajiye butar. "Kin ɗauka zan zuba ido Innata ta koma yadda take? Hannun da ya dasa ne matsalata, ba itacen ba. Yaron nan na ce ya tuge, ya tuge, bai bar ko saiwa ba. Ranar na buɗe baki in ce a sa rana, kika fito kika yi naki hukuncin a gaban gari."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na kira ki na tambaye ki. Kika ce da bakinki."

Ta fashe da kuka, ta riƙe ƙafarsa da ke jiƙe. Ya bar ta ta yi, sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro zoben azurfar, ya ɗora mata a tafi. Ya ce tun ranar yake ajiye da shi. Ya ce kuma jiya yaron ya zo ya yi masa sallama, ya nemi a mayar da shi wani gari an yarda, yau zai bi motar 'yan kasuwa da ke tashi daga bakin titi da azahar.

Zalika ta ɗaga kai ta dubi rana. Inuwa ta kusa shigewa ƙarƙashin bango. Bakin titi kuwa tafiya ce mai nisa a yashi, kuma abin hawa ɗaya ne a garin da zai iya cin wannan tafiyar kafin azahar.

"Goron yana zaure, ba a buɗe ba," in ji tsohon. "Ni ba zan mayar wa ƙanwata da goro ba. Bakin da ya ɗaure shi zai kwance."

Ta sa zoben a yatsa, ta miƙe. Ba ta bi ta baya ba, ta zauren ta shiga, cikin maza, idonta jawur, reshen zogale a hannu. Hira ta tsaya. Hamani yana zaune cikin sabuwar shadda, ya dubi reshen, ya dubi zoben da ke yatsanta, dariyar da ya shirya ta mutu a bakinsa.

"Ɗan mace," ta ce, "tashi ka kai ni bakin titi."

Gwaggo Dommo ta taso daga ƙofar ciki tana salati, tana cewa a riƙe ta, aljanun kwari ne. Babu wanda ya motsa. Kowa a zauren ya san taubashi ba ya fushi da taubashinsa a gaban mutane, ba ya kuma ƙin aikensa, ko da aiken wuƙa ne a wuyansa.

Hamani ya ja hannun rigarsa ya dubi agogunansa biyu, ya daɗe yana dubawa.

"Na gida ya ce kin makara," in ji shi. "Na Kumasi ya ce da saura." Ya miƙe ya kakkaɓe shaddar. "Zan kai ki. Amma ki ji da kyau a gaban kawuna. In mun tarar motar ta tashi, a bayana za ki dawo, kuma goron nan yau za a raba shi."

Zalika ta dubi mahaifinta da ya tsaya bakin ƙofa. Casbinsa kawai yake ja.

"Na ji," ta ce.

Ta hau bayansa. Sai da babur ya tashi ta tuna cewa duk saurin tafiyar nan a hannunsa yake, shi da in an makara zai samu mata. Suka fita gari a hankali, kamar masu rakiyar amarya. Ta ƙura wa hannunsa na dama ido, ba ta roƙe shi ba.

Suka zo ƙarƙashin mangwaro. Nan Hamani ya ja wani dogon numfashi, ya sa baƙin tabaransa.

"Riƙe ganyenki da kyau, mummuna," in ji shi.

Ya murɗa hannun har ƙarshe. Babur ya yi tsalle, yashi ya tashi a bayansu. Wani ɗigo mai ɗumi ya fito ta ƙarƙashin tabarau, iska ta kwaso shi ta yarfa a bayan hannun Zalika. Can gaba, inda titi yake, ladan ya ɗaga murya da kiran sallar azahar.